Shigar da Ake Shiga Falon Hutu na Filin Jirgi da Ita, Har da Kayan Aiki

Wanda ya yanki tikitin ajin 'yan kasuwa, ko yake da katin zinare na wani kamfanin jirgi, ko katin Priority Pass irin wanda wasu bankuna ke haɗa wa abokan hulɗarsu, yana da damar shiga falon hutu na filin jirgi. A can ne ake samun kujera mai laushi, abinci, shayi, wurin cajin waya, wani lokaci har da banɗakin wanka. Sai dai katin kaɗai ba ya raba gardama. A sharuɗɗan yawancin waɗannan falukan akwai layin da ya ba ma'aikacin ƙofa ikon mayar da mutum saboda shigarsa, ko da kuwa ya biya kuɗinsa cif. Mutane da yawa suna zaton kwat da lakataye ake nema. Ba haka ba ne. Abin da ake dubawa shi ne tsafta, rufin jiki, da abin da ke ƙafa. A cikin ukun nan kuwa ƙafa ce ta fi kayar da mutane, shi ya sa za mu daɗe a kanta.

Inda aka rubuta dokar ƙarara

Kamfanonin Amurka irin su Delta da United da American sukan tsaya ne a kan magana dunƙulalliya, cewa a yi shigar da ta dace da wurin, su bar wa ma'aikaci sauran hukunci. Kamfanin da ya fito ya lissafa abubuwa ɗaya bayan ɗaya shi ne Qantas na ƙasar Ostareliya. Daga watan Afrilun 2015 ya fara tsaurara dokar sutura a falukansa na jiragen cikin gida a birane shida: Sydney, Melbourne, Brisbane, Perth, Adelaide da Canberra. Abubuwan da ya hana su ne silifas da tafiya ba takalmi, kayan motsa jiki daga sama har ƙasa, kayan bakin teku, kayan barci, tufafin da ke ɗauke da hoto ko rubutun batsa da cin mutunci, da tufafin da ke nuna tsiraici, ko masu datti, ko yagaggu.

Kuma ba a takarda dokar ta tsaya ba. A Disambar 2017 an hana mawaƙiyar Ingila Joanne Catherall shiga falon Melbourne saboda ta sa takalmin UGG, wato but ɗin nan na fatar tumaki mai gashi a ciki, wanda kamfanin ya lissafa a cikin kayan barci. A Janairun 2020 kuma aka mayar da Natalie Eva Marie, tsohuwar 'yar kokawa a kamfanin WWE na Amurka, a wannan birnin dai, saboda kayan motsa jiki ne a jikinta sama da ƙasa, alhali tikitin ajin 'yan kasuwa ne a hannunta. Tsadar kaya ba ta fid da kowa a cikinsu ba.

Ko da ba Ostareliya za ka ba, riƙe wannan jerin a matsayin ma'auni. Shigar da ta tsallake ƙofar Qantas da wuya a tsayar da ita a Dubai, Doha, Istanbul, Adis Ababa ko Landan.

Fara daga ƙafa

A wajenmu takalmi buɗaɗɗe na fata shi ne abokin kaftani, har manyan mutane da shi suke zuwa ɗaurin aure. Ma'aikacin ƙofa a wata ƙasa bai san wannan ba. Shi abu biyu yake kallo: akwai igiya tsakanin babban yatsa da mai bi masa? Akwai maɗauri a bayan dunduniya? Idan akwai ta farko, babu na biyu, to a idonsa silifas ne, ko da fatar kada aka yi shi. Takalmin da ke da faffaɗan madauri a kan ƙafa, wanda ba ya ratsa yatsu, ya fi samun wucewa, mai maɗaurin dunduniya kuma ya fi shi. Wanda babu gardama a kansa ko kaɗan shi ne rufaffe: sau-ciki na fata, ko kambas mai tsafta wanda bai yi kama da na filin ƙwallo ba.

Sau-ciki shi ne zaɓin da ya fi dacewa da mai kaftani, saboda dalilai uku. Ba shi da igiya, don haka idan aka ce a cire takalmi a wurin bincike ba ka ɓata lokaci. Yana da sauƙin tuɓewa wurin alwala da salla. Sannan ƙafa takan kumbura bayan awa biyar ko shida a zaune, sau-ciki mai ɗan yalwa kuma yana karɓar wannan kumburin. Kada ka yi doguwar tafiya da sabon takalmi. Ka taka shi kwana uku ko huɗu a gida tukuna. Ka sa safa, ka kuma jefa wata a jaka. Daɓen wurin bincike dubban ƙafafu ne ke taka shi, cikin falon kuma na'urar sanyaya ɗaki ba ta hutawa.

Abin da ke jawo magana bayan an shiga shi ne tuɓe takalmi a miƙe ƙafa a kan kujera ko tebur. Tafiya ba takalmi tana cikin abubuwan da aka hana, kuma ba a ƙofa kaɗai hanin yake ba. Idan ƙafarka ta gaji, nemi sashen kujerun kishingiɗa, ka bar safarka a ƙafa.

Kayanmu na gida

Kaftani da wando da hula cikakkiyar shiga ce a kowane falo. Haka jallabiya mai tsafta, haka abaya, atamfa, leshi da hijabi. A falon Al Mourjan na Qatar Airways a Doha, ko na Emirates a Dubai, ko Alfursan na kamfanin Saudia a Jidda, farar doguwar riga ita ce shigar masu gida. Don haka tambayar ba ta ko za a bar ka ka shiga ba ce. Tambayar ita ce wane yadi ne zai kai ka ƙarshen tafiya da mutuncinsa.

Shadda mai sitaci tana da kyau a tsaye, amma awa biyu a kujera sun isa su karya ta a gwiwa da baya, farar kuma ba ta yafe ɗigon miya ko kofi. Yadi mai laushi wanda ba ya riƙe lanƙwasa, mai launi mai ɗan duhu kamar toka, shuɗi mai duhu ko ruwan ƙasa, shi ya fi jure tafiya. Kafin ka kai wa tela, damƙe gefen yadin a tafin hannu na daƙiƙa goma ka saki. Idan ya koma daidai, ya yi. Ka ce wa telan ya sa aljihun gefe mai zurfi, wanda fasfo da katin shiga jirgi za su nutse a ciki, domin aljihun ƙirji yana zubar da kaya duk lokacin da ka sunkuya ɗaukar jaka.

Babbar riga ita ce mai ɗan aiki. Ba a hana ta ba, amma a wurin bincike ana ɗaukarta kamar kwat, za a iya cewa ka tuɓe ka sa a tire. Na'urar da ake tsayawa a ciki a ɗaga hannu tana nuna alama a duk inda yadi ya taru ya yi kauri, aikin wuya mai zaren ƙarfe kuma yana iya tayar da ƙararrawa. Sakamakon shi ne laluben hannu da ɓata minti biyar ko goma. Ga kuma hannun rigar da ke sharar kwanukan abinci a wurin zuba-da-kanka. Idan taro za ka tarar kana sauka, ninke ta a jakar rataye kaya, ka yi tafiyar da 'yar ciki da wando, ka ɗora ta bayan ka karɓi kayanka. Hula kuwa ba a cewa a cire ta a falo, amma a wurin bincike za a iya neman a duba ta. Mai rawani yana da ikon ya roƙi a duba shi a keɓe.

Hajiya, ke ma ga naki. Leshi mai duwatsu da ƙarfe, tarin awarwaro, da allurai masu yawa a mayafi su ne ke jawo a tsayar da ke. Rage su zuwa abin da ba makawa, ki sa gwala-gwalan a ƙaramar jaka cikin jakar hannu, kada ki taɓa sa su a akwatin da za a auna. Idan za a lalube ki, mace ce za ta yi, kuma kina da damar cewa a shiga ɗaki. Mai niƙabi za ta buɗe fuska wurin tantance fasfo, ta nemi jami'a mace. Abaya ko siket da ke jan ƙasa hatsari ne a kan matattakala mai tafiya da kanta, domin haƙoranta suna cafke gefen yadi. A bar tsawon ya tsaya a idon sawu. Ɗaurin ɗankwali mai tsayi kuma ba ya barin kai ya jingina, mayafi mai laushi ya fi shi daɗin zama.

Sai turare. Falo rufaffen wuri ne, jirgi ya fi shi rufuwa. Humra ko turaren itace mai ƙarfi da ke da daɗi a tsakar gida yana iya tayar wa mai asma ciwo a kujerar kusa. Ɗigo ɗaya ya isa. Kwalbar da za ta shiga jakar hannu kada ta wuce mililita 100, a cikin leda mai haske mai cin lita ɗaya, domin wannan ce ƙa'idar da yawancin filaye ke bi har yanzu.

Mai tafiya da kayan aiki

Nan ne mutane suka fi ruɗewa, kuma nan ne dokar Qantas ta fi ban sha'awa. Kamfanin da ya hana silifas bai hana kayan aiki ba. Ya yarda da yunifom, har da rigar nan mai launin ruwan lemo ko ɗorawa mai layin ƙyalli. Dalilin a fili yake. Daga Perth dubban ma'aikatan haƙar ma'adinai ke tashi zuwa yankin Pilbara, garuruwa irin su Karratha, Port Hedland da Newman, su yi mako ɗaya ko biyu su dawo. Yawan tashin nan ya sa da yawansu sun mallaki katin da ke buɗe falo, kuma suna cikin manyan abokan cinikin kamfanin. Da asuba a falon Perth riga mai ƙyalli ba baƙuwa ba ce. Amma sharaɗin tsafta bai faɗi a kansu ba: rigar aiki mai jar ƙurar ƙarfe, ko maiƙon inji, ko yagewa, ta faɗa cikin tufafi masu datti da aka hana.

Wannan ya shafi injiniya, ma'aikacin rijiyar mai, mai aikin gini ko ma'aikacin lafiya da zai taso daga wurin aiki kai tsaye zuwa filin jirgi, a kowace ƙasa. Ga yadda ake yi.

Ware saiti ɗaya na kayan aiki wanda ba ka shiga fili da shi, na tafiya kawai. Ninke shi a leda mai zif tun ranar da ka isa, kada ya haɗu da sauran. Ranar dawowa ka yi wanka ka sa shi. Masu datti su shiga leda biyu, ɗaya cikin ɗaya, a ɗaure, su tafi a akwatin awo. Tufafin da fetur ko gas ya jiƙa kuwa kada su hau jirgi sam sai an wanke sun bushe, domin abu ne mai kamawa da wuta, warinsa kuma zai sa a buɗe akwatin.

But ɗin sefti, wato takalmin kariya na wurin aiki, yana wucewa a ƙofar falo idan an goge shi. Ka sami burushi mai tauri ka kankare taɓon da ke cikin ramukan tafinsa, ka bi da jiƙaƙƙen tsumma, tun kafin ka shiga mota. Mai ƙarfe a baki zai tayar da ƙararrawar bincike kowane lokaci, don haka kwance igiyarsa tun kana kan layi ka sa shi a tire ba sai an ce maka ba. Wanda bakinsa na roba mai tauri ne ba ƙarfe ba yakan wuce shiru, ya kuma fi sauƙin nauyi; mai yawan tashi ya dace ya nemi irinsa idan wurin aikinsa ya amince. Idan Ostareliya ko New Zealand za ka shiga daga waje, taɓon takalmi ya wuce maganar kunya: katin da ake cikewa kafin sauka yana tambaya a kan ƙasa da ke manne da takalmi ko kayan aiki, kuma ɓoyewa na jawo tara.

Zazzage aljihu kafin ka bar masauki. Wandon aiki yana da aljihu shida ko takwas, kuma a cikinsu ne ake mantuwa da reza, ƙaramar wuƙa, sukundireba, ƙusa da abin gwada wuta. Duk su koma akwatin awo, in ba haka ba a ƙwace. Batirin injin huda da na cajin waya kuwa akasin haka ne, a jakar hannu suke tafiya. Wanda ke aiki da nakiyar fasa dutse ko takin zamani ya san cewa burbushinsu na maƙalewa a tufafi da jaka, kuma ɗan ƙyallen da jami'ai ke shafawa su sa a na'ura yana iya kama shi. Wannan wani dalili ne na ware kayan tafiya daban, da riƙe katin shaidar aiki a kusa don bayani.

Hular kwano a rataye ta a jaka ko a sa ta ciki. 'Yar shara mai ƙyalli da ake ɗorawa a kan riga ita ma gara a cire a ninke, domin a cikin filin jirgi irinta ma'aikatan wurin ke sawa, za ka ga fasinjoji na tare ka da tambaya. Singileti ba ta zama riga ko da zafi ya kai ina. Obarol da aka zuge aka ɗaure hannayensa a ƙugu shi ma shigar bakin aiki ce, ba ta falo ba.

Abu ɗaya da za a guje masa gaba ɗaya shi ne yadi mai zanen kakin soja, ko wando ne, ko hula, ko jaka. A Najeriya farar hula ba shi da izinin sa kayan soja, ƙasashe irin su Barbados da Jamaika ma sun haramta wannan zanen. Matsalar da zai jawo maka ta fi ta hana shiga falo.

Akwai kuma masu tafiya da tikitin rangwame na ma'aikatan kamfanin jirgi, su da iyalansu. Dokarsu ta fi ta kowa tsauri, domin ana ɗaukarsu wakilan kamfanin. A Maris ɗin 2017 United ya hana wasu 'yan mata biyu hawa jirgi a Denver saboda matsattsen wandon roba, kuma dalilin shi ne da irin wannan tikitin suke tafiya. Idan ɗan'uwa ya samo maka irinsa, tambaye shi ƙa'idar suturar kafin ranar tashi.

Mai harami

Alhazai da masu Umara da za su sauka Jidda kai tsaye su wuce Makka sukan ɗaura harami a filin da suka ya da zango, ko Alkahira, ko Adis Ababa, ko Doha, ko Dubai, saboda a sama za a ƙetare miƙati. Filayen da ke kan wannan hanya sun saba ganin masu harami. Duk da haka, tsarin da ya fi sauƙi shi ne ka shiga falon da kayanka na gida, ka ci abinci ka huta, sannan ka yi wanka ka sauya saura kamar awa ɗaya a fara shiga jirgi. Rubuta sunanka a layin wanka tun shigowarka, domin a lokacin cunkoso jira na iya kai rabin awa ko fiye. Zo da sabulunka marar ƙamshi idan kana son kauce wa shakka, na falo kusan duk mai turare ne. Sa bel mai aljihu ya riƙe zanen ƙasa da fasfo, ka rufe kafaɗu biyu da na sama yayin zama cikin mutane, ka zaɓi takalmi mai madauri mai kauri wanda ba zai zame a kan tayil ba. Wanda Madina zai fara sauka ba ya buƙatar wannan duka, sai ya zo fita daga can.

Abin da za a ajiye a jakar hannu

Nauyin jakar hannu a ƙaramin aji kilo 7 ne a Emirates, Qatar Airways da Ethiopian, kilo 8 a Turkish, don haka ba a cika ta da tufafi. Riga ɗaya mai wuya ko kaftani marar nauyi, wando ɗaya, safa, kayan ciki, da rigar sanyi marar kauri sun isa, kuma duka ba su fi kilo ɗaya da rabi ba. Nannaɗe su maimakon ninkewa, sun fi ƙin yamutsewa. Rigar sanyin kada a raina ta: mutum ya baro zafin Kano ko Yamai ya shiga falon da aka sanyaya, ya yi awa huɗu a ciki, mura ce ke biyo baya. A tuna kuma cewa Ostareliya lokutan sanyi da zafi a juye suke da na Turai, sanyinsu daga Yuni zuwa Agusta ne, Disamba kuwa lokacin zafi ne.

Mai son sa wandon barci a doguwar tafiyar dare ya bari sai jirgi ya tashi ya sauya a banɗaki, ya kuma mayar da kayansa kafin sauka. Kayan barcin da wasu kamfanoni ke rabawa a manyan kujeru na cikin jirgi ne, ba a shiga falon zango na gaba da su. Wando mai yagar ado a gwiwa, wanda matasa ke saye da tsada, yana iya faɗawa cikin yagaggun tufafi, ya danganta da idon wanda ke ƙofa. Riga mai rubutu kuma a karanta abin da ke jikinta kafin a sa, musamman ta gwanjo da aka rubuta da harshen da mai ita ba ya ji.

Idan duk da haka aka tsayar da kai, kada ka ɗaga murya, kada ka fara lissafa kuɗin tikiti. Ma'aikacin yana da hurumin da sharuɗɗan suka ba shi, hayaniya kuma na iya kai wa ga a kira jami'an tsaro. Tambaye shi cikin natsuwa wane abu ne takamaimai bai yi ba. Yawanci abu ɗaya ne, takalmi ko riga. Koma banɗakin da ke kusa ka sauya da abin da ke jakarka, ka dawo. Idan kana ganin kuskure ne aka yi wa shigar gargajiya ko ta addini, nemi shugaban masu aiki na wannan lokacin ka yi masa bayani. In bai warware ba, rubuta lokaci, sunan falon da lambar jirginka, ka aika ƙorafi ta shafin kamfanin bayan ka sauka, tare da hoton shigar da ka yi a ranar.